Na Tafi Ɗauko Gwamnati Ta Ga Bangon Inna

Farkon abin da na koya a wannan tafiya shi ne zaman benci. A barandar wani ofishin gwamnati a birnin Kano na koye shi, inda na yi ta sintiri tun ana cirar gyaɗa har aka yanke dawa, ina riƙe da waya cike da hotunan bango.

Ya kamata in faɗi abin da ya fitar da ni. Garinmu ƙaramin ƙauye ne tsakanin Gafasa da Ajingi, noman gero da gyaɗa muka gada. Wasu shekaru da suka wuce wani kamfani ya zo da izinin hukuma, ya fara haƙar farar ƙasa a gonakin yammacin gari. Ranar da aka kafa motar haƙa ta farko manya sun zo, aka shimfiɗa darduma a gindin tsamiya, aka yi mana alkawari a gaban kowa: duk gidan da ramin ya matso kusa da shi za a gina wa masu shi wani a kan tudu, za a sake ginin firamarenmu, kuma gari zai riƙa samun rabonsa daga abin da ake ɗiba. Ramin dai ya matso. Tifofi suka riƙa bi ta gefen makaranta har ajujuwa biyu suka zube, iska ta kwashe rufin sauran, yara suka koma karatu a ƙasa. Gidajen layin yamma suka tsattsage. Na ƙarshe a layin shi ne namu, ɗakin mahaifiyata kuma shi ne na ƙarshe a gidan. Tsagar da ke bangon bayansa hannu yana shiga har gwiwa, wanda ya zauna a kan gadon Inna yana hango ramin ta cikinta. Magina sun ce bangon ba zai ga ƙarshen wata damina ba. Inna kuwa ta ce ba za ta bar ɗakin da marigayi mahaifina ya gina mata ta je ta raɓe a gidan wani ba, sai dai in gidan da aka yi alkawari ya tabbata.

Baffa Sale, ƙanen mahaifina kuma mai unguwarmu, shi ya ce a tura ni. Ni kaɗai ne mai digiri a garin. Hausa na karanta a jami'a, na gama bautar ƙasa, ina zaune ba aiki. Ya ce ni na san bakin gwamnati. Aiken da aka yi mini yana da sauƙin faɗa: in ɗauko wani mai faɗa a ji, ya zo ya ga bangon nan da makarantar nan da idonsa kafin ruwa ya sauka. A lokacin na yi imani cewa babu mutumin da zai tsaya gaban wannan tsaga ya koma ya rubuta ƙarya.

Da aka gaji da ganina a kan bencin, aka shigar da ni wurin darakta. Dattijo ne mai fara'a. Ya sa aka ba ni ruwa, ya kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai a inda ya dace a girgiza.

"Malam Habibu," ya ce, "matsalarka ka haɗa abubuwa da yawa. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Abuja ne. Gidaje na wata ma'aikata ne, ba tamu ba. Yaran firamare kuma da masu kula da su daban. Ga ka da rami da bango da yara a hannu ɗaya, to wane ofis ne zai karɓe ka?"

Na ce masa ramin ne ya tsaga bangon, bangon kuma a kan mutane zai faɗa. Ya ce wannan gaskiya ne, amma ba haka aka tsara gwamnati ba. Na bi sauran ofisoshin da ya lissafa mini, kowanne ya karɓe ni da mutunci, kowanne ya nuna mini ƙofar na gaba.

Da na ga Kano ta ƙare mini, sai na bi ramin zuwa wajen masu shi. Mararaba ce zangona na biyu, garin da talakawan Abuja ke kwana saboda Abuja ba ta da makwancin talaka. Wasu 'yan acaɓa mutanen Gaya suka ba ni gefen tabarma a ɗakinsu na kwano bayan wani masallaci. Sun sa mini suna Malam Ƙamus, wai don ko ƙafar mutum na taka ba na ba shi haƙuri da Turanci. Ba su taɓa yi mini maganar kuɗin ɗaki ba, in an sayo garau-garau kuma da ni ake sa hannu. Amma duk wanda na nuna wa hotunan sai ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauki makullin babur ɗinsa. Ban ga laifinsu ba. Kowa a ɗakin nan da abin da ya baro a gida yana jiransa.

A Kano ana ba mutum benci. A Abuja a bakin ƙofa ake tsayawa, cikin rana, ana kallon mai gadi. Wanda ba a san da zuwansa ba, ba ya shiga, kuma ba a sanin zuwan mutum sai ya san wani a ciki. Guzurin da gari ya haɗa mini ya ƙare a kuɗin mota, dole na nemi leburanci. Na sami ɗaukar bulo a wani rukunin gidaje da ake gina wa gwamnati a bayan gari. Daura da shi akwai wani rukunin da aka gama tun da daɗewa, an yi masa fenti, an kulle, ciyawa ta fito a bakin ƙofofi, ƙadangaru suna shan rana a kan tagogin gilashi. Kullum in na ɗora bulo a kai sai idona ya tafi can. Ɗaki ɗaya daga cikinsu ya ishi Inna har ƙarshen rayuwarta.

Duk ranar kasuwar Ajingi da ita nake tashi a raina: ƙamshin ƙuliƙuli mai zafi, hayaniyar masu awon gyaɗa, ƙananan motocin Kano suna kiran fasinja. In na kira Inna ta wayar maƙwabta, amsarta ɗaya ce, lafiya lau, sai alheri. Ta fi damuwa da ko ina samun tuwo. Daga bakin wasu nake jin cewa tsagar ta ƙara buɗewa, har Inna ta cusa tsumma a ciki.

A bakin ƙofar ɗaya daga cikin ofisoshin Abuja na haɗu da wani da ake kira Honorabul Garba, ko da yake har yau ban san muƙamin da aka taɓa zaɓarsa a kai ba. Ya ji Hausata ya tsaya, ya ce shi ma asalinsa wajen Gaya ne. Ya kalli hotunan ya yi salati, ya riƙe hannuna kamar mai ta'aziyya. Ya ce ana shirin wani babban taro a otal kan amfanin da al'ummomin arewa ke samu daga ma'adinai, manya duk za su hallara, kuma shi zai sama mini 'yan mintuna in yi magana a gabansu. Sai dai, in ji shi, da wannan suturar tawa ko mai gadi ba zan wuce ba. Ya ara mini babbar riga ta shadda da hula.

Na shafe kwanaki ina tsara jawabina, ina maimaita shi a zuci ina hawa tsani da bulo. Ban sa zagi ba, ban kuma sa roƙo ba, domin ba alfarma na je nema ba. Tambayoyi ne kawai: ina rabon garinmu ya shiga, wa aka ba aikin gidajen, yaushe za a rufa makarantar.

Ranar taron aka zaunar da ni a sahun gaba tare da wasu mutane masu yawa, kowa cikin babbar riga. Daga yadda suke tattare hannun rigar na gane su ma aro ne. An yi ta jawabai da Turanci, ana nuna hotunan ajujuwa masu shuɗin rufi a wani gari da babu wanda ya sani a sahunmu. Can sai mai gabatarwa ya ce ga wakilan al'ummomin da suka ci gajiyar shirin, sun taso takanas domin su yi godiya. Aka ce mu miƙe. Sahu gaba ɗaya ya miƙe, ni ma na tsinci kaina a tsaye. Na ɗaga hannu ina neman a ba ni abin magana, sai wani babban mutum da ke wucewa ya kama hannun ya girgiza shi, yana murmushi yana kallon masu ɗaukar hoto. Nan aka rufe taro da addu'a. A bakin ƙofa wani mutumin Honorabul yana tsaye yana karɓar riguna, yana miƙa wa kowa robar shinkafa. Tun daga ranar wayar Honorabul ba ta sake shiga ba.

Washegari Baffa Sale ya kira ni, cike da murna. An gan ni a talabijin ɗin wani mai shayi a Ajingi, cikin shadda, ina musafaha da manya. Labari ya game gari, har mata sun je yi wa Inna barka. Na yi masa bayani dalla-dalla cewa rigar aro ce, kuma ko kalma ɗaya ba a bar ni na faɗa ba. Ya yi dariya ya ce haka mahaifina yake, ba ya son a yabe shi.

Alheri ɗaya da na samu a taron nan shi ne tsohon da ya zauna kusa da ni. A gefen titi na same shi bayan an karɓe rigunan, yana cin shinkafarsa a natse. Sunansa Baba Pam, tsohon malamin makaranta ne daga wani ƙauye a Filato. Ya matsa mini wuri, ya tambaye ni ko karona na farko ke nan. Na ce e.

"Na gani, kai kaɗai ka ɗaga hannu," ya ce. "Ci abincinka, ɗana. Rigar bana ma ta fi ta bara kyau."

Na tambaye shi me ya sa yake zuwa tunda ya san abin da ake yi. Ya ce a irin wannan wuri ne ake jin inda za su nufa gaba. Ya ji an kafa wani kwamitin bin diddigi da zai zaga garuruwan da ake haƙa, kuma nan ba da jimawa ba zai je yankinsu. Ya ce in ina da ƙarfin hali in biyo shi, a can babu ƙofa babu mai gadi.

Filato ce zangona na uku. Ƙasa ce ta duwatsu da sanyi mai shiga ƙashi, ga ni da riga ɗaya. Baba Pam ya zaga da ni bayan garinsu ya nuna mini tsofaffin ramukan kuza, waɗanda aka haƙa tun zamanin kakansa. Sun cika da ruwa kore, shiru, ko tsuntsu ba ya sauka a wasunsu. Ya nuna ɗaya ya ce wannan ne ya ci ƙanensa suna yara. Ya ce kakansa ma an yi masa alkawarin gida. Na tsaya ina kallon ruwan, yammacin garinmu nake gani nan da wasu shekaru, da jikokin wani suna nuna wa baƙo inda ɗakin Inna yake a da.

Zazzaɓi ya kwantar da ni a gidan. Matar Baba Pam, wadda ba addininmu ɗaya ba, ta je gidan wani Bahaushe maƙwabcinsu ta aro buta da sallaya, ta share mini wani lungu, ta nuna mini gabas. Ta kawo mini gwate mai zafi, ta ce in ci da kwanciyar hankali, babu abin da addinina ya hana a ciki. Bargon da ta lulluɓa mini daga kan gadonta ta cire shi. Na bar gidan ban iya yi mata godiyar da ta dace ba, duk da Hausar da nake taƙama da ita.

Kwamitin ya zo da jerin motoci. Shugabansa, wani ƙaƙƙarfan mutum cikin fararen kaya, ya tsaya a bakin wani rami ya saurari mutanen garin. Baba Pam bai kai ni wurinsa ba. Ya tura ni wurin wata mata mai tabarau da ke tsaye a gefe, ya ce ita ce sakatariyar kwamitin, ita ke tsara inda za a je. Sunanta Malama Hannatu. Ta karɓi wayata, ta sa yatsu ta buɗe hoton bangon, ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambaye ni wa ke kwana a wannan ɗaki. Tun fitowata ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na ce mahaifiyata ce.

Ta ce za ta cusa garinmu cikin jerin Kano, amma in sani ba za a daɗe ba, kuma shugaban ba ya karanta koke, abin da ya gani da ido shi yake yarda a rubuta. In ya ga bangon da makarantar yadda suke a hoton nan, garinmu zai shiga sahun waɗanda za a fara yi wa gidaje. Ta ja mini kunne kada a taɓa komai.

A ranar na kira Baffa Sale. Na gaya masa baƙi za su zo daga gwamnati, na maimaita masa cewa a bar komai yadda yake, ko tsumman da ke cikin tsagar kada a cire. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce to, to, kada in damu, sun san abin da ya kamata. Na kwantar da hankalina a kan wannan amsa.

Na koma Mararaba da ɗaukar bulo ina jiran rana. Aka sa, aka ɗaga, aka sake sawa, har bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa. Da ranar ta tsaya, ba ni da kuɗin motar da zan riga su isa gida. Malama Hannatu ta sama mini kujera a motar ƙarshe, tare da masu ɗaukar hoto. Muka kwana a Kano, da safe muka ɗauki hanya. Da muka shiga Gaya na ga 'yan acaɓa da masu adaidaita suna kauce wa jiniya. Na fita da waya ɗaya a hannu, ga ni na dawo da gwamnati cikin jerin motoci.

Tun daga nesa na ga fari. Na ɗauka idona ne. Da muka matso sai na ga garinmu ne, fari fat tun daga masallaci har layin yamma, kamar an shirya bikin sarauta. Makaranta da rufi. Yara sun jeru cikin wankakkun kaya suna waƙar maraba, ta taga kuma ana hango bencina a jere. Inda ajujuwa biyu suka zube an kwashe ɓaraguzan, an share, an kafa rumfa, an shimfiɗa darduma. A nan aka zaunar da baƙi. Ramin kuwa an kewaye bakinsa da sababbin zana, tun daga bayan gidanmu har hanyar tifofi.

Daga baya na ji yadda aka yi. Da aka tabbatar da ranar zuwan baƙin, Baffa ya sa aka yi gayya. Maza suka kwaɓa ƙasa suka yaɓe duk wata tsaga a layin yamma. Mata suka ɗebo farar ƙasa daga bakin ramin suka shafe bangwaye. Kwanon rufin daga rumfar masallaci aka ciro wani, wani kuma aka aro daga rumfunan 'yan kasuwa. Bencinan na wata islamiyya ne a Gafasa, a amalanke aka kawo su.

Shugaban kwamitin ya sauko daga mota ya dubi gari ya yi murmushi. Ya ce sun zaga wurare da dama, ko'ina kuka da ƙorafi, yau dai sun ga garin da ya san ciwon kansa. Na ratsa mutane na durƙusa gabansa, na roƙe shi ya taka zuwa bayan ɗakin mahaifiyata. Ya yarda, jama'a suka biyo mu. Bangon yana tsaye sumul, fari, har an yi masa zane a sama. Na buɗe hoton na nuna masa. Ya dubi hoton, ya dubi bangon.

"To ai an gyara. Wa ya gyara?"

Kafin in buɗe baki Baffa Sale ya rusuna. "Albarkacinku ne, ranka ya daɗe. Komai muka samu albarkacin gwamnati ne."

Na ga wani daga cikin 'yan kwamitin ya sunkuya yana rubutu. Na ce ranka ya daɗe, yaɓen kwanan nan ne, tsagar tana nan a ƙarƙashinsa, a ba ni fartanya in nuna. Baffa ya kama wuyan hannuna ya matse, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji: "Kada ka tona mana asiri a gaban baƙinka." Na waiwaya. Magidantan layin yamma ne a tsaye suna kallona, da kayan sallarsu a jiki, da ƙasar yaɓe a ƙarƙashin farcensu. Babu wanda ya miƙo fartanya. Shugaban ya dafa kafaɗata ya ce matasan yanzu akwai zafin zuciya, yana da kyau, amma a riƙa haɗawa da godiya. Sai aka ce abinci ya sauka.

An ci dambu da kaji, an sha fura da nonon da maƙwabtanmu Fulani suka kawo. Baffa ya yanka ragon da yake kiwo don layya. Malama Hannatu kaɗai ta ƙi zama. Na hange ta ta ɗaga zana ɗaya ta leƙa ramin, ta daɗe a wurin, ta ɗauki hoto. Da za ta shiga mota ba ta iya haɗa ido da ni ba.

Bayan la'asar, da ƙurar motoci ta kwanta, na sami Baffa a zaure. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na tambaye shi ko bai ji abin da na faɗa masa a waya ba.

"Na ji, ɗana. Ka ce a bar komai yadda yake, don ba ka son ka ɗora mana wahala. Amma mutanen da suka ɗauke ka da daraja har suka sa ka a talabijin, su zo su tarar da uwarka a kango? Gobe da wane ido za su dube ka? Wa zai ba ka aiki?"

Na ce masa ba neman aiki aka aike ni ba. Ya ce baƙonka annabinka ne, kuma tunda yake bai taɓa jin garin da aka yi baƙi ya tarye su da tsiraicinsa ba. Ya ce tsofaffi sun kwaɓa ƙasa da ƙafafunsu saboda ni, mata sun yi ta jidar farar ƙasa a kai, shi dai bai ji na ce wa kowa sannu ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma har ga Allah bai san abin da ya yi ba.

Kashegari aka ciro kwanon aka mayar wa masu shi. Amalanke ta zo ta kwashe bencinan. Yara suka koma ƙasa. Ba a jima ba Malama Hannatu ta kira ni, ta ce ta nuna hoton ramin, ta yi iya ƙoƙarinta, amma an rubuta cewa an je an tarar da gyara, an kuma ji godiya daga bakin mai unguwa. An cire garinmu daga sahun masu buƙatar gaggawa. Ta ba ni haƙuri. Ita ce kaɗai ma'aikaciyar gwamnati da ta taɓa ba ni haƙuri, ita ce kuma kaɗai ba ta yi mini laifi ba.

Na daɗe ina juya al'amarin, kuma ba na ɗora wa Baffa alhakinsa. Gwamnati ta san mu sarai. Ta san ba ma iya kallon baƙo mu ce masa ya ci amanarmu alhali yana zaune a kan dardumarmu. Shi ya sa take aiko da rana kafin ta zo. Tifofin da ke kwasar ƙasarmu ba su taɓa aiko da rana ba, kuma su suna ganin garin yadda yake kullum.

Ruwan farko ya wanke farar ƙasar, bangwaye suka yi zirin hawaye. A ruwa na biyu, da rana tsaka, bangon ya tafi. Inna tana madafi tana tankaɗe, abin da ya tsirar da ita ke nan. Rabin ɗakin ya zame ya bi gangaren ramin, ragowar ta danne gadonta. Da ruwan ya ɗauke na shiga ina tono abin da zai tonu, ina miƙa mata kwanukanta ɗaya bayan ɗaya, sun lanƙwashe, tana goge su da gefen zane. Baffa ya riga ya aika a kafa mata bukkar zana a gidansa. Ba ta yi kuka ba. Sai da na miƙa mata wata tsohuwar kwalla ta aurenta ta riƙe ta, ta dube ni.

"Auta, faɗa mini gaskiya. Ranar nan dai ba mu ba ka kunya a gaban mutanenka ba, ko?"

Ina tsaye cikin laka har idon sawu, ramin a buɗe a bayana, babu bango tsakaninmu da shi.

Na ce, "Ba ku ba ni kunya ba, Inna."